Kafin a ɗauki adda, baki ne ke fara kisa

Jiya da daddare ina zaune wajen mai shayi a Tudun Wada, wani yaro da bai fi shekara ashirin ba ya kunna mana saƙon murya da aka turo masa a WhatsApp. Mai maganar yana tsine wa wata ƙabila gaba ɗayanta, wai ba mutane ba ne, ƙwari ne, ba a zama da su. Wasu suka kwashe da dariya. Ni kam wallahi shayin ma kasa shanye shi na yi.

Ruwanda ce ta faɗo min a rai. A 1994, cikin kwana ɗari kacal, daga Afrilu zuwa Yuli, an kashe mutum wajen dubu 800, yawancinsu 'yan Tutsi, kuma akasari da adda, maƙwabci ya sare maƙwabcinsa da suke cin kasuwa ɗaya suna zuwa coci ɗaya. To amma an daɗe ana hura wutar kafin ta kama, akwai gidan rediyon RTLM da kullum yana kiran Tutsi da inyenzi, wato kyankyasai, a sa kiɗa a yi barkwanci sannan a zuba guba, har ta kai ana karanto sunayen mutane da inda suka ɓuya. Wa zai ji tausayin kyankyaso? Shi ya sa kotun Majalisar Ɗinkin Duniya da ta zauna a Arusha ta ɗaure Ferdinand Nahimana, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa rediyon, a 2003. Maganar da aka watsa ce ta kai shi gidan yari.

Haka aka yi wa Yahudawa a Jamus, dokokin Nuremberg na 1935 suka ware su kafin a hallaka miliyan 6 a faɗin Turai. A garin Srebrenica na ƙasar Bosniya a 1995 Musulmi maza da yara maza wajen 8,000 aka kashe cikin 'yan kwanaki.

Mu ma fa ba sai mun je nesa ba. Kisan Inyamurai a Arewa a 1966, Zangon Kataf a 1992, Kaduna a 2000, rikicin bayan zaɓen 2011, kowane ɓangare yana da gawarwakinsa kuma kowa nasa kaɗai yake ƙirgawa, wannan ne abin da ya fi damuna. Har yau garin Kaduna a rabe yake, kowa ya san gefen kogin da zai nemi haya.

Na ce wa yaron, ƙanina, mutum nawa ka sani a ƙabilar nan? Ya yi shiru, can ya ce mai gyara masa babur a Sabon Gari ɗansu ne, har bashi yake ɗaga masa in ba shi da kuɗi. Na ce to shi ma ƙwaro ne? Bai amsa ba, ya kashe wayar ya tura a aljihu.