Darussan da na koya a layin tantanin tacewa

Yanzu da na ajiye aiki, bakina ya buɗe. Ku da muka tsaya layi ɗaya kun san tantanin nan na tace gishiri daga ruwa hawa uku ne, kowanne da irin robarsa: yadin foliyesta a ƙasa mai kaurin kusan maikron 100 (maikron dubu ne milimita ɗaya), folisalfon mai ƙananan ƙofofi a kansa, kaurinsa kamar maikron 40, sai foliyamaid a sama, wanda bai kai rabin maikron ba amma shi ke tare gishiri. Tun da John Cadotte ya fito da wannan tsari a shekarun 1970, idon kowa a kan hawan saman yake. Yadin ƙasa kuwa ana yi masa kallon kayan sito.

Haka manajanmu ya kalle shi ranar da ya sauya mai kawo yadi don ya rage kuɗi, ya kuma ƙara gudun layi, bai jira ɗakin gwaji ya ce uffan ba. Ba a jima ba nadin tantanin ya fara faɗuwa a gwaji. A gwajin da muka saba, ruwa mai gishiri ppm 2000 (giram biyu a lita) a matsin bar 15.5, tantanin da ya kamata ya tare sama da kashi 99 cikin ɗari sai ya riƙa zubarwa. Nan take Oga ya yanke hukunci: masu aikin dare ne suka bar laima ta ɓata TMC, ko suka yi sakaci da kwandon MPD, sinadarai biyun da ake haɗawa a samu foliyamaid.

Na zuba rini a kan samfur, na duba a madubin ƙara girma. Ɗigon rinin ba a warwatse yake ba, bin zare yake yi. Sabon yadin bai sha guga sosai ba, zarensa a miƙe yake, yana huda folisalfon tun kafin ya daskare a ruwa. A wasu wuraren ma ruwan folisalfon ya ratsa yadin ya ɓullo ta baya. Foliyamaid mai wannan siranta ba zai rufe irin wannan ɓular ba, ko wa ke kan layi, dare ko rana.

Na kai wa Oga hotunan. Ya ce aikina gwaji ne, sayen kaya ba hurumina ba ne. Rahoton ya haura sama babu shafina a ciki, aka ba mutum biyu takardar gargaɗi, ɗaya daga cikinsu shi ya koya mini daidaita wuƙar shimfiɗa folisalfon a kan yadi lokacin ina sabon zuwa. Daga baya aka koma wa tsohon yadi a ɓoye, nadi ya daina faɗuwa, aka sanar a taro cewa tsawatarwa ce ta yi aiki. Wannan maganar har yau tana ci mini rai.

Sauran darussan ba su da tsawo. Kada sabon yadi ya hau layi sai an shafa masa folisalfon a ƙaramin gwaji. A rubuta laimar ɗaki kowane shif. Kilorin yana cin foliyamaid, a tambayi mai saye ruwan da yake wanki da shi kafin a karɓi laifi. Abin da ka faɗa wa na sama da baki, ka bi shi da imel.

Ga wanda ya gaje ni: guntayen samfurin suna kabad ɗin ɗakin gwaji, kowanne da lambar nadi da ta yadi. Takardun gargaɗin nan biyu suna nan a fayil ɗin mutanen. Don Allah ka nemi a cire su.