Nutso a ruwan da ido ba ya aiki

Daga watan Yuli zuwa Satumba, ruwan dam irin na Tiga ko Challawa yakan koma kamar kunu. Da zarar mai nutso ya wuce mita uku, ko tafin hannunsa ba ya gani. A irin wannan ruwan muke aikinmu: share ragar bakin bututun jan ruwa, duba ƙofofi, da lalubo injin kwale-kwale ko famfon da ya faɗa.

Masu ba mu aiki sukan ce a ƙaro babbar tocila. Tocila a cikin laka tamkar fitilar mota ce cikin hazon hunturu, hasken fuskarka yake dawowa. Amfaninta ɗaya, ka manna agogon iska a jikin gilashin fuska ka haska ka karanta. Sauran aikin na hannu ne da igiya.

Kowane mai nutso akwai igiya ɗaure a jikinsa, kuma mutum guda a sama ba shi da wani aiki sai riƙe ta. A wurinmu ja ɗaya na nufin lafiya, ja huɗu na nufin a hau. Idan ana neman abu, sai a sauke nauyi a ƙasa, a ɗaura masa igiya, mai nutso ya kewaya yana shafa ƙasa da hannu. Duk zagaye ya cika sai ya saki mita ɗaya ya sake. Ƙafa kuma ba a kaɗa ta sama da ƙasa, shurin kwaɗo ake yi, in ba haka ba ɗan ganin da ya rage ma laka ta cinye.

Lissafin iska tun a sama ake gama shi. Tukunyar iska mai lita 12 da aka cika zuwa ba 200 ("ba" ma'aunin matsin iska ne), muna barin ba 50 ajiya, saura lita 1,800. Mai aiki yana shan kamar lita 20 a minti a sarari, a zurfin mita 10 kuwa ninki biyu ne, wato minti 45 ke nan. Mu a minti 30 muke kiransa, ya hau a hankali kada ya wuce mita 9 a minti, ya dakata minti uku a mita biyar.

Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne zuƙar ruwa. Ƙofa ko a ɗan buɗe take, takan manne mutum yadda ƙarti biyar ba za su ɓamɓare shi ba, kuma a duhu babu alamar gargaɗi. Ba ma shiga sai an kashe famfo, an rufe ƙofa, makulli yana aljihun shugaban aikinmu. Sai kuma tsohon kalli da mamarin masunta, shi ya sa kowa ke ɗauke da wuƙa da almakashi a wurare daban-daban.

Wannan ne masu ciniki ba sa sakawa a lissafi idan suka ce wani ya yi musu rabin kuɗinmu. Ku je ku ga kayan wanin. Injin hura taya na mai faci, da tiyo a baki, janareta na zuba hayaƙi dab da inda injin ke jan iska. Hayaƙin nan a ƙarƙashin ruwa sumar da mutum yake yi. Mu kafin a sa hannu a takarda sai mun nuna wa mai aiki matatar injinmu na cika iska da ranar gwajin da ke buge a wuyan kowace tukunya.