Zaman Kashe Wando Da Abin Da Yake Jawowa

Ƙannena matasa, da wuya a sami wanda ya tashi da safe da niyyar saɓa wa Allah, yawanci saɓo yana shigowa ne ta sa'o'in da mutum ya bari babu abin yi a cikinsu. Bayan na kammala difloma na zauna jiran aikin gwamnati, ina raina kowace sana'ar hannu, alhali masaƙun Kakuri a Kaduna da suka riƙe iyayenmu tun daga 1957 sun riga sun durƙushe, aikin ofis kuma sai mai uwa a gindin murhu.

Majalisarmu a Tudun Wada benci ne guda a gefen mai shayi. Da musun ƙwallo muka fara, aka gangara gulmar masu wucewa da bin 'ya'yan mutane da ido, har ranar da na zuba kuɗin cefanen da mahaifiyata ta aike ni da su a cacar ƙwallo, na koma na rantse mata cewa faɗuwa suka yi. Wannan rantsuwa tana damuna har yau. Asuba ta riƙa kuɓuce mini saboda raba dare a kan waya, kuma kwalbar kodin ta farko da na riƙe ban nema ba, a kan bencin aka miƙo mini. Gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin a 2018, amma doka ba ta cike wa matashi wuninsa.

Bukhari ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa Annabi (SAW) ya ce ni'imomi biyu ne mutane da yawa suke tafka asara a kansu, wato lafiya da samun sarari. Duka biyun ina da su a lokacin.

Kawuna ne ya kama hannuna ya kai ni Panteka wajen wani mai walda. Watannin farko kuɗin abinci kawai nake samu, idanuna suna yaji saboda hasken wuta, amma bayan Isha'i gajiya ba ta barina in leƙa majalisa, su ma da kansu suka daina nemana.

Saboda haka wanda yake jiran sakamakon jarabawa ko takardar ɗaukar aiki, kada ya jira a kan benci. Ya sami tela, kafinta ko mai gyaran waya a unguwarsu, ya roƙi a ɗauke shi yaron shago ko da babu ko sisi, ya kuma sa kansa a makarantar dare tsakanin Magariba da Isha'i, domin a wannan lokacin ne majalisa take cika.