Kududdufin bayan lambu: inda na kai da kallon tsuntsaye a wannan hunturun

Salam 'yan uwa masu koyon kallon tsuntsaye, barkanmu da sanyi, ya hazo? Ga rahoton inda na kai, dan na ga wasu na ta tambaya wai ina za su je tunda ba su da kuɗin motar zuwa Nguru ko Dagona. Ni dai tun ƙarshen damina na tsayar da waje ɗaya ban canza ba, lambun shaƙatawar unguwarmu nan cikin Kano da kududdufin da ke bayan katangarsa. Lambun ba wani babba ba ne, darbejiya ce ta fi yawa sai bishiyar turare da wata tsohuwar tsamiya a kusurwa, kududdufin kuma irin na cikin gari ne da kowa ya sani, ramukan da kakanninmu suka ɗebi ƙasa suka yi ginin gidaje da badala, ruwan sama ya zo ya zauna a ciki. Akwai leda akwai robar ruwa akwai kwata da ke malalowa ta gefe ɗaya, amma wallahi tsuntsun da ke wajen nan ya ishi mai koyo aikin shekara guda.

Ina zuwa bayan asuba idan gari ya ɗan waye, na zauna ta ɓangaren gabas yadda rana za ta kasance a bayana, in ka zauna kana fuskantar rana komai baƙi za ka gani, balbela ma sai ta koma inuwa. Kwanakin da hazo ya yi kauri kuma gara ka jira wajen ƙarfe takwas, su ma tsuntsayen ba sa fitowa da wuri in sanyi ya matsa.

Babban abin da na samu a wannan lokacin shi ne fararen tsuntsayen nan, yanzu ina iya raba su. Mutane duk farin tsuntsu mai dogon wuya balbela suke ce masa, alhali a kududdufin nan kaɗai iri uku nake gani. Balbela ta gaske guntuwa ce, baki rawaya, wuyanta gajere da ɗan kauri a ƙasan haɓa, kuma ba ta damu da shiga ruwa ba, ta fi son bin shanu da tumaki ko kan juji tana tsintar fara da ƙwari, ruwan wajen sha ne kawai da hutawa. Ta biyun ta fi ta siranta da tsayi, bakinta baƙi siriri, ƙafa baƙa, amma tafin ƙafar rawaya, sai ta ɗaga ƙafa daga ruwa ko ta tashi sama za ka gani. Ita a cikin ruwa take farauta, na zauna na kalle ta sosai wata safiya, sai ta miƙa ƙafa ɗaya gaba ta riƙa karkaɗa ta cikin taɓo, ƙananan kifi su firgita su fito, ta kai sara, ta matsa taku biyu ta sake. Na ukun shi ya fi ba ni sha'awa, in yana tsaye a bakin kachala ruwan ƙasa ne mai zane-zane a wuya, ya duƙa ya yi shiru ba za ka ma san da shi ba, yana buɗe fiffike sai ka ga fari fat ya tashi, yana sauka ya sake ɓacewa a gaban idonka. A manhajar waya squacco heron aka rubuta masa.

Zalɓe ma iri biyu ne. Akwai mai baƙin kai da baƙin bayan wuya, maƙogwaro fari, shi ne wanda kuke gani har a fili busasshe yana neman ɓera da ƙadangare, in ya tashi ƙarƙashin fiffikensa kala biyu ne, gaba fari baya baƙi. Ɗayan kansa fari da baƙin layi ta kan ido, baki rawaya, ƙarƙashin fiffike toka-toka bai ɗaya, shi bakin ruwa ya fi riƙewa. Kuma dan Allah ku riƙe wannan, duk dangin zalɓe da balbela naɗe wuya suke in suna tashi, shamuwa da yawancin danginta kuwa miƙe wuya suke, ko daga nesa cikin hazo wannan kaɗai ya raba maka gardama.

Shamuwa dai ta tafi tun wajen Oktoba, tana kudanci da gabashin Afirka yanzu, sai an fara jin ƙamshin damina wajen Afrilu zuwa Mayu za ta dawo kan tsamiya. To amma tana fita baƙi suka shigo daga Turai da Asiya, sun tsallako Sahara, kuma su ne aikin da nake kai yanzu. Da ruwan ya fara ja baya ya bar laka a gefe sai ga wasu ƙananan tsuntsaye masu siraran ƙafa suna bin bakin ruwa. Guda biyu nake bambancewa. Ɗaya gajeren ƙafa gare shi, bayansa ruwan ƙasa sumul babu ɗigo, farin cikinsa ya hau har gaban kafaɗa ya yi tsini, kuma baya daina kaɗa bindi sama da ƙasa ko da yana tsaye, in ya tashi daf da ruwa yake bi fiffiken a sandare yana karkarwa, shi ne common sandpiper. Ɗayan, wood sandpiper, ya fi shi tsayin ƙafa, ƙafar rawaya-rawaya, baya duk ɗigo-ɗigon fari, da farin layi a saman ido da ya wuce har bayan idon, in ya tashi sama yake yi kai tsaye yana ƙara ka ga farin gindin bindi. Ni abin da ke taɓa min zuciya, tsuntsun da bai kai tafin hannu cika ba ya baro can arewacin Turai inda ya yi ƙwai, ya keto hamada, ya zo ya sauka kan lakar bayan lambun unguwarmu tsakanin ledoji yana neman tsutsa. Ikon Allah kenan. Manyan garkunansu suna can fadamar Hadejia da Nguru, wadda tun shekarar 2000 aka sa tafkin Nguru cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar, amma ɗaiɗaiku suna raba kansu a irin waɗannan ƙananan ruwan namu, kuma ko'ina ka samu laka da ruwa maras zurfi ka duba da kyau.

Cikin 'yan gida kuma, wanda na fi daɗewa a kansa shi ne mai tafiya kan ganyen bado. Jikinsa ja-ja ruwan goro, wuya fari ta gaba baƙi ta baya, goshi da baki shuɗi, yatsun ƙafarsa dogaye ƙwarai kamar tsinken tsire, su ne ke raba nauyinsa ganyen bai nutse ba. A wajensu namiji ne ke kwanci kuma shi ke renon 'ya'ya, macen ta fi shi girma, tana ajiye ƙwai ta wuce. A ƙarshen damina na ga namijin da 'yan tsakinsa, shirwa ta gilma ta sama, ya yi wata 'yar ƙara ya tsuguna, 'ya'yan suka shige ƙarƙashin fiffikensa, ya miƙe ya yi gaba da su, ƙafafunsu na reto ta gefensa. Yanzu sun girma, sai dai kalarsu ba ta kai ta uban ba tukuna, cikinsu fari ne.

Mai kamun kifin nan fari da baƙi yana nan kullum, shi ne ke tsayawa cak a iska yana kaɗa fiffike baki a ƙasa kafin ya faɗa ruwa. Ku duba ƙirji, namiji layi biyu baƙaƙe, mace layi ɗaya kuma a tsinke a tsakiya. Zakaran ƙeƙuwa ma na nan, shi ne ɗan sandan wajen, kana matsowa zai fara ihu ya tashi kowa, dan haka in ya fara ka tsaya inda kake ka zauna har ya haƙura. Ƙirinjijiya sukan kwana su tashi da sassafe suna fito, wata rana sun haura ashirin wata rana ko ɗaya babu. Cikin lambun kuwa su kurciya, hasbiya, hankaka, baiwar Allah a ƙasan famfo inda ruwa ke ɗiga, cilakowa kan darbejiya, da ragon maza da ke kuka daga cikin duhuwa ba ya son fitowa, in ya fito ma tashinsa a kasalance. Masu saƙa sheƙa a reshen da ya leƙa ruwa sun zubar da kayan damina, mazan da suke rawaya da baƙin kai sun koma kalar matan, haka jan tsuntsun nan na cikin gero ya koma ruwan ƙasa mai zane, dan haka kar wani ya ce sun ƙaura, suna nan, riga suka canza, sai damina su mayar.

Batun kayan aiki tunda ana yawan tambaya. Madubin hangen nesa nawa na hannu ne, 8x42, wato yana kusanto da abu sau 8 kuma faɗin gilashin gaba milimita 42 ne, ya isa, wanda ya fi haka ƙarfi hannu na rawa da shi. Akwai ɗan zobe a idon dama da mutane da yawa ba sa taɓawa, ka rufe gilashin dama ka saita na hagu da babban abin juyawa na tsakiya, sannan ka rufe hagu ka saita dama da zoben, shikenan ka bar shi haka, ciwon kan da wasu ke kuka da shi yawanci daga nan ne. Kuma da wannan ƙurar kar ka goge gilashi da bakin riga, ka hure ƙurar tukuna sannan ka sa ƙyalle mai laushi, in ba haka ba yashin zai kankare shi. Manhajar Merlin ta gane tsuntsaye tana taimako amma ni sai na rubuta abin da na gani a littafi tukuna, girma, baki, ƙafa, abin da yake yi, sannan na buɗe waya, in ka fara da waya idonka zai ga abin da hoton ya ce ne ba abin da ke gabanka ba.

Littafin nan shi ne komai a wajena. Kwanan wata, lokaci, yanayin gari, inda ruwa ya tsaya, kowane iri da adadinsa, har wanda ban gani ba ina ja masa layi. Ungulu tun da na fara layi kawai nake ja mata. Duk wanda ya tashi a garin nan ya san yadda take cika mayanka da kan katangu a da, yau yaro zai girma bai taɓa ganinta ba, tun 2015 aka sa irin tamu ta cikin gari a jerin waɗanda ke daf da ƙarewa a duniya, guba da masu sayen sassanta dan tsibbu sun gama da ita. Da akwai masu rubutawa a lokacin da mun san shekarar da ta fara raguwa a kowace unguwa. Shi ya sa na fara tura nawa ga aikin taswirar tsuntsayen Najeriya da cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Laminga kusa da Jos ke jagoranta, ta manhajar BirdLasser, an yanka ƙasar gida-gida kowane gida kusan kilomita 9 ta kowane gefe, ka yi aƙalla awa 2 kana lissafa duk irin da ka gani a cikin gidan da kake, kana da kwana 5 ka kammala katin lissafin gidan. Kurciya da hankaka ma ana so, ba sai abin mamaki ba.

Wani abu da ya dame ni, ta gefen arewa an fara juye ƙasa da ɓaraguzan gini a bakin kududdufin, tifa na zuwa da daddare, daidai wajen lakar da baƙin nan ke sauka. Mun san ƙarshen irin wannan, a cike a yanka filoti, damina ta zo ruwa ya rasa wajen zama ya shiga ɗakunan mutane. Na ɗauki hoto daga waje ɗaya kowane sati ina ajiyewa tare da lissafin, kuma na yi wa mai unguwa bayani, ya saurare ni sosai.

Dan Allah in za ku fara ku gaisa da mai gadi da dattawan wajen ku faɗi abin da ya kawo ku, kar ku juya madubi wajen gidaje ko inda mata ke wanki, kuma kar ku shiga ruwan, tsargiya gaskiya ce. Yaran da ke zuwa da danƙo ban kore su ba, miƙa musu madubin nake ɗaya bayan ɗaya, yanzu akwai biyu da ke rigana zuwa ran Asabar su gaya min abin da ya sauka.

Abin da ke gabana kafin zafi ya shigo, shirwa, ina so na zauna na raba mai rawayan baki ta nan gida da mai baƙin baki da ke zuwa daga Turai, da lura da cewa ƙananan tamu ma bakinsu baƙi ne, sai kuma ƙananan tsuntsayen nan rawaya masu kaɗa bindi da ke bin ƙafar tumaki a filin ƙwallo. Wanda ke kusa kuma yana da hali, Asabar bayan asuba ina gindin tsamiya, a taho da littafi da biro da rigar sanyi.