Makin MELD da tambayar da malamina ya yi min

Lokacin da aka ba ni aikin bincike a kan dashen hanta ni wallahi na ɗauka abu ne mai sauƙi, in tattara makin MELD na marasa lafiya, wato lambar da ake lissafawa daga gwaje-gwajen jini irin su bilirubin da INR don nuna tsananin ciwon hanta, in duba wa ya rayu wa ya rasu bayan tiyata, shi ke nan in rubuta cewa mai maki da yawa shi ne ke cikin haɗari. Sati uku ina fama da fayil da kwamfuta amma lissafin ya ƙi zama, wanda ya shiga tiyata da maki 34 sai in tarar bayan shekara yana zuwa asibiti da ƙafarsa, wani mai 18 kuma ko wata biyu bai kai ba, Allah ya jiƙansa. Har sake shigar da lambobin na yi tun daga farko don na zaci ni ne na kwafsa.

Da na kai wa malamina sai ya ce, "Bilirubin ɗin nan da INR ɗin nan, na wace hanta ce?" Na ce ta mara lafiyar mana Malam. Ya ce to yanzu tana ina. Nan jikina ya yi sanyi, ai hantar da ta ba da lambobin an riga an cire ta, wadda ke cikinsa yanzu ta wani ce.

Sai a lokacin na koma na karanta asalin abin. A asibitin Mayo na Amurka aka fito da shi a 2000, kuma ba ma don dashe ba, don masu yin aikin TIPS ne, wato sa ɗan bututu a cikin hanta don rage matsin jini a jijiyarta. A 2002 aka fara amfani da shi a Amurka wajen tsara layin masu jiran hanta, maki daga 6 zuwa 40. Da farko abu uku yake haɗawa, bilirubin da ke kawo shawara, INR da ke nuna yadda jini ke daskarewa, sai kiriyatinin na ƙoda, a 2016 aka ƙara sodiyam. Tambayar da yake amsawa ɗaya ce, in mutumin nan ya ci gaba da jira yaya haɗarin rasa shi yake cikin wata uku. A nan kam ya ƙware, a ma'aunin ingancin hasashe da 0.5 ke nufin canki-canka, 1 kuma ke nufin daidai ɗari bisa ɗari, yana kai wajen 0.8, amma a kan rayuwa bayan dashe yawanci ko 0.7 ba ya kaiwa.

Kuma in ka zauna ka yi tunani ba laifinsa ba ne, MELD bai san shekarun wanda ya ba da hantar ba, bai san ko tana da kitse ba, bai san awa nawa ta yi a cikin ƙanƙara kafin a haɗa mata jini ba, balle jinin da aka zubar a ɗakin tiyata ko ciwon da zai iya shiga daga baya saboda maganin danne garkuwar jiki. Shi ya sa aka fito da wasu ma'aunai irin su SOFT a 2008 da BAR a 2011 masu haɗa bayanin mai bayarwa da na mai karɓa. Kiriyatinin ne dai ya ɗan bambanta tunda ƙoda tana nan ba a canza ta ba, sai dai shi ma yana da tasa matsalar, mai ƙarancin tsoka nasa ba ya hawa sosai ko da ƙodar ta fara gajiya, mata da yawa sun daɗe a baya a layi saboda haka. Wannan ya tsaya min a rai sosai, sai a 2023 sabon salonsa MELD 3.0 ya shigo da jinsi da albumin, wani furotin da hanta ke samarwa.

Akwai wata baiwar Allah da ba na mantawa, makinta 16 ne kawai, a takarda ka ce da sauƙi. Malam ya ce mata, "Baba, daure ki tashi daga kujerar nan sau biyar ba tare da kin dafa ba." Ta yi ɗaya da ƙyar, a na biyu ƙafafunta suka hau rawa, cikinta cike da ruwa amma damtsenta kamar sillen kara, na riƙe hannunta na ji ba ƙarfi ko kaɗan. Tun ranar na ƙara wani gurbi a fom ɗin da nake cikawa, ƙarfin damƙar hannu da daƙiƙa nawa mutum ke ɗauka ya tashi sau biyar, kuma sai na ga mara lafiya da idona nake buɗe sakamakon jininsa.