Dakarci na ja da baya a bakin yara, mu kuma muna kallo

Mu mutanen Kebbi in anka ce Dakarkari abin da ke fara zo muna a rai shi ne soja, kuma ba laifi, ƙasar Zuru ta ba Najeriya sojoji ba kaɗan ba, Janar Ishaya Bamaiyi da ya riƙe hafsan sojan ƙasa daga 1996 zuwa 1999 ɗan can ne, haka ma Janar Sani Sami da ya yi gwamnan soja a Bauchi kafin ya hau sarautar Zuru. Amma yarensu fa? Ba kowa ya damu ba.

Su da kansu Lelna suke ce ma kansu, yaren kuma C'Lela. Ana yin shi a Zuru da Dabai da Ribah da wajen Sakaba har cikin Rijau ta jihar Neja, kuma ba ɗan'uwan Hausa ba ne ko kaɗan, danginshi su ne Dukanci da Fakanci da Kambarci.

Abin da ke ci mani rai shi ne yaran da anka haifa a Birnin Kebbi ko Sakkwato ko cikin bariki, uwa Badakkara uba Badakkare amma a gida Hausa zalla ake yi, makaranta Turanci, in sun je ƙauye kaka ta yi masu magana sai dai su yi murmushi su amsa da Hausa. Ni Hausa ce yarena ina kuma sonta, amma wallahi ban jin daɗin ganin tana haɗiye na maƙwabta haka.

Ku duba golmo, saurayi ya yi shekara bakwai yana ma surukai noma shi da abokanshi kafin a ba shi mata, da waƙoƙin da ake yi a gona da kirarin 'yan kokawa lokacin bikin Uhola bayan an kwashe amfanin gona, duk da C'Lela ake yin su, in ka juya su zuwa Hausa daɗin ya tafi. Yanzu ga rashin tsaro ya tada ƙauyuka da yawa a ƙaramar hukumar Danko-Wasagu ta ƙasar Zuru, mutane sun dawo cikin gari, cikin gari kuwa Hausa ke ci.

'Yan'uwa na Zuru, kowa na da waya a hannu, ku zauna da tsofaffi ku ɗauki muryarsu, tatsuniya da waƙa da sunayen itatuwa, ku zuba a WhatsApp da Facebook. Gidajen rediyon jiha su ƙara ma yaren lokaci, 'yan firamare na ƙasar Zuru kuma a koya masu karanta shi tun daga aji ɗaya.