Kwamfuta ta ce a ɗauke ta, ni kuma na yarda

Har yau idan na tuna sai in ji kunya ta rufe ni. Oga ne ya ce in gwada masa a kwamfuta abin da zai faru idan aka sake rabon ma'aikata a sashenmu, don fayil-fayil sun yi ta taruwa. Na ɗauko NetLogo, manhajar nan ta kyauta ta kwaikwayon yadda abubuwa ke gudana a kwamfuta, wadda Uri Wilensky ya fitar a 1999, na ƙirƙiri ƴan mutanena a allo, kowa da saurin aikinsa da lokacin tashinsa hutu. Wannan duk bai ba ni wahala ba.

Inda na kwafsa, da takardar tsarin ofis na yi aiki, wadda ke nuna wa ke ƙarƙashin wa. Ko sau ɗaya ban ja kujera na zauna na ga yadda ake yi da gaske ba. Akwai wata baiwar Allah da ta fi kowa daɗewa, a lissafina ita ce koma baya wajen kammala fayil, na maimaita gwajin a BehaviorSpace (ɓangaren NetLogo da ke maimaita gwaji) sau 500 kuma kullum amsa ɗaya, wai ko an ɗauke ta ba abin da zai ragu. To ina amfanin maimaici tunda ƙaryar da na zuba tun farko ita yake ta dawo min da ita?

Aka mayar da ita wani sashe. Cikin sati biyu aiki ya tsaya cak. Ashe rabin yininta a amsa tambayoyin mutane yake ƙarewa, wannan ya leƙo "Anti ya ake cike wannan?" wancan ya kawo mata kuskurensa ta gyara kafin oga ya gani. Ƴan mutanena na allo kuwa ba mai tambayar wani, ni ban ma ba su baki ba!

Da na koma na sa dokar "in ka maƙale nemi wanda ya sani", ina cire baiwar Allahn nan sai layin fayil ya yi ta tsawo, daidai abin da muka gani da ido. Layin kod (umarnin da ake rubuta wa kwamfuta) bai fi goma ba wallahi, shi ya fi ƙona min rai.

Yanzu kafin in taɓa kibod sai na yi kwanaki da biro da takarda ina rubuta wa ke zuwa teburin wa. An dawo da ita, amma gaisuwarmu har yanzu sama-sama ce.